Damin Da Bai Sha Wuta Ba

Mai Jiƙo ake ce masa. Baƙi kan zo ƙofar masana'anta neman mai maganin basir, masu gadi su nuna musu ɗakinsa, su laɓe suna ƙyalƙyala dariya. Shi kuwa ba saiwa yake jiƙawa ba, zaren rama ne. Shekara ashirin da shida ya yi yana tsoma rama a ruwan soda, kuma a duk shekarun nan sau ɗaya ya ɗauki ruwan a bokiti da niyyar watsa shi a fuskar mutum. Mutumin amininsa ne, Mai Tanda, wanda suka fara cin abincin rana a kwano ɗaya tun kansu yana baƙi.

Masana'antar tana ƙarshen wani titi, daidai inda kwalta ta gaji ta tsaya. Alluna ake yi a cikinta: a shimfiɗa rama, a shimfiɗa roba, a danne su da zafi har su zama abu guda, a yanka a yi silin da ƙyauren banɗaki da bayan kujerar bas. Roba ba ruwanta da ruwa. Rama kuwa 'yar ruwa ce, a ruwa aka kwantar da ita har ɓawonta ya saki, kuma ko bayan an busar da ita ƙishirwar ba ta barinta. Binne ta cikin roba yadda ka ga dama, sai ta sami ramin ƙusa ko bakin yanka ta ja laima, ta kumbura, ta ture robar daga jikinta. Allo ya yi ciki, ya yi baƙi, kafin damina ta uku ka sa yatsa ka huda shi.

Aikin soda ke nan. Tana cinye maiƙo da danƙon da ke lulluɓe da zaren, waɗanda su ne masu kiran ruwa, ta bar shi da kaushi yadda roba za ta sami wurin kamawa. Awa huɗu ake ba ta. Ƙasa da haka zare bai ji ba, fiye da haka ta ci har ƙarfinsa, ka ja ya tsinke kamar gashin tsohuwa. Daga tankin Mai Jiƙo dami yakan koma hannun Goggo mai ɗauraya, a ɗaya kusurwar ɗakin, ta yi ta wanke shi har santsi ya bar yatsunta, ta sa ɗan tsami a ruwan ƙarshe don ya kashe ragowar soda. Daga nan sai igiya a tsakar fili, ya tsane. Daga igiya sai tanda, inda wuta ke korar laimar da ta ɓuya a tsakiyarsa. Sai ya fito daga tanda yake shiga injin matsi. Mai riƙe da injin matsin kuwa shi ne Auta, ƙanen Mai Jiƙo uwa ɗaya uba ɗaya.

Mai Jiƙo yana da shekara sha tara iyayensu suka bi juna cikin wata biyu, suka bar masa Auta yana rarrafe. Da dunƙulen hannu ya rene shi, ba a jikinsa ba, a jikin duk wanda ya yi masa kallon banza. Ya taɓa karya muƙamuƙin wani direba da ya watsa wa Auta taɓo. Ya yi dako, ya yi leburanci, wuri uku aka kore shi, duk a kan faɗa, na ƙarshen har da haƙoran shugaban lebura guda biyu a ƙasa. Ɗakin jiƙo ne ya riƙe shi, domin ba mai son shigarsa, kuma inda ba mutane ba abokin faɗa. Matarsa takan ce ƙwarya ce ta bi ƙwarya, shi ba ya gargaɗi, soda ba ta gargaɗi.

Gaskiyarta. Wuta in ta taɓa ka za ka yi tsalle. Soda kuwa da farko santsi za ka ji, kamar sabulu, santsin nan kuma fatarka ce take narkewa. Kafin zafi ya iso ta riga ta yi nisa. Damtsen Mai Jiƙo duk farin tabo ne, ɗigo-ɗigo, kamar sararin sama a daren da ba wata. Zanen yatsunsa ya shafe tun tuni. Ranar da aka kawo na'urar dangwala yatsa a ƙofa sai da aka yi masa littafi shi kaɗai, na'urar ta ce ba ta san shi ba.

Mai Tanda ne ya fi kowa dariya ranar, kuma shi kaɗai ke da lasisin yi. Ɗan siriri ne, gajere, hayaƙi ya cinye masa gira, baki kamar reza. Kada yake kiran Mai Jiƙo, wai ga kaushin fata ga zaman bakin ruwa ga rashin fara'a. Shi kuma ya kira shi Gasasshe. Da rana sukan zauna kan buhunan roba, Mai Tanda ya tsame naman da ke cikin kwanon ya ce ai kada ba ya taunawa, haɗiya yake, asara ce a ba shi. Mai Jiƙo ya ɗaga hannu kamar zai kwaɗe shi, hannun ya sauka a hankali ya ƙwace rabin naman. Lokacin da aka kwantar da matar Mai Jiƙo a asibiti, 'ya'yansa wata guda suka yi a gidan Mai Tanda. Ba wanda ya yi wa wani godiya, wannan ba ya cikin maganarsu.

Akwai wata kalma a masana'antar da kowa ke faɗa ba wanda ya taɓa saurara. Ya sha. A ɗakin jiƙo in an ce dami ya sha, ya sha soda ke nan, awa huɗunsa ta cika. A ɗakin tanda in an ce ya sha, ya sha wuta, ya bushe har zuci. Shekara da shekaru ba a taɓa yin karo ba, domin inda ka tsaya shi ke faɗa maka abin da ake nufi. Damin da ke ɗakin jiƙo jiƙaƙƙe ne, ko makaho ya sani. Busasshe ba ya kwana can.

Sai aka yi ruwan kwana uku ba ɗaukewa. Aka kwance igiyoyin shanya daga fili aka ɗaura su cikin ɗakin jiƙo, don nan ne rufin ba ya yoyo, aka kunna musu fanka biyu. A safiya ta uku damman da ke kan igiya sun yi fari, sun yi haske, ka taɓa samansu ka rantse sun bushe. Mai turin baro bai zo ba, ruwa ya tare hanyar unguwarsu. Injin matsi ya yi zafi yana jira, manaja yana zagaye yana duba agogo. Auta ya gaji da jira ya ɗauki baro da kansa. Hanyar ɗakin tanda ta cikin ruwa take, ɗakin jiƙo kuwa ga shi nan a baranda ɗaya da nasa. Ya leƙa, ya ga fararen dammai a jere, ya ɗauka an kwaso su daga tanda ne an ɓoye su daga ruwa.

"Yaya, waɗannan na kan igiya, sun sha?"

Mai Jiƙo yana sunkuye kan tanki da sandar juyi, ya ba ƙofa baya. Tambaya ce da yake amsawa sau talatin a wuni.

"Sun sha," in ji shi, bai waiwayo ba.

Goggo ta ɗago kai daga wurin ɗauraya, ta ga Auta yana loda baro. Ta ɗauka tanda zai kai su. Ta mai da kai ga aikinta.

Auta ya shimfiɗa rama tsakanin fallayen roba, ya ja ƙarfen, bakin injin ya rufe. A cikin duhun nan ruwan da ke tsakiyar zaren ya tafasa, ya nemi hanya ya rasa, roba ta narke ta toshe ko'ina. Da lokaci ya cika Auta ya sunkuya kamar kullum don ya ga gefen allo yayin da bakin ke buɗewa. Ƙarar ta yi kamar bindiga a cikin ɗaki. Gilashin taga ya zube. Narkakkiyar roba ta same shi daga goshi zuwa ƙirji, ta manne.

Mai Jiƙo ya riga kowa isa. Ya tarar da ƙanensa a ƙasa yana birgima, hannu biyu a fuska, wari ya cika ɗakin, warin roba da na gashi da na wani abin da ba a son a ambata. Ya kama robar zai ɓamɓare, fata ta biyo ta, sai da mutum huɗu suka danne shi kafin ya saki. Aka kwarara wa Auta ruwa, aka naɗe shi da zanen wata mai shara. Ana ɗaukarsa zuwa mota Mai Jiƙo ya tsinci guntun allon da ya fashe, ya karya shi a gwiwa. Zaren ciki yana tururi. Ya murza shi tsakanin yatsu, ɗigon ruwa ya fito. A wannan masana'anta ɗanyen zare a injin matsi ma'anarsa ɗaya ce, mai tanda ya sake shi bai bushe ba. Haka kowa ya ɗauka, har wasu suka faɗa da baki. Maganar safe kuwa ba ta ko gifta masa ba, ta bi sauran talatin ɗin.

A asibiti likita ta ce idon dama ya tafi, na hagu sai an ga abin da kwanaki za su yi. An yi wa Auta allura, ba ya magana. Mai Jiƙo ya tsaya ya kalli farin bandeji inda fuskar ƙanensa take, ya juya ya fita. A ƙasa ya dawo, cikin ruwa, tafiyar awa guda, kuma ruwan bai huce masa komai ba.

Wajen la'asar ya shiga masana'anta. An kashe injuna, ma'aikata sun taru a baranda suna magana ƙasa-ƙasa, suka buɗe masa hanya. Ya wuce ɗakin jiƙo, amma bai ɗebi ruwan sodar tanki ba, wannan an sirka shi don rama. Ya buɗe buhun garin soda ya zuba gwangwani uku a rabin bokiti. Ruwan ya ɗauki zafi da kansa, ya fara huci. Goggo, wadda ta wuni tana juya abin da ta gani da safe tana tsoron faɗa, ta tare ƙofa. Ta kira shi ɗana, ta ce ya ajiye ya saurare ta, akwai maganar da bai sani ba. Ya sa hannun hagu ya ture ta. Bayanta ya bugi bakin tanki, numfashinta ya ɗauke, maganar ta maƙale.

Mai Tanda yana durƙushe a bakin murhu, yana fifita karan rama da ruwa ya jiƙa, idanunsa jajir don hayaƙi. Ya ji tafiya ya miƙe.

"Kada, ya jikin Auta? Na so in biyo ku, manaja ya ce in tsaya in ga ko wutar nan za ta..."

Shekara ashirin Mai Tanda yana kallon kafaɗar Mai Jiƙo, ya san yadda take sauka in za ta yi duka na gaske. Ya gan ta ta sauka. Ya kau da kai, ya ɗaga gwiwar hannu, abin da ya raba shi da makanta ke nan. Ruwan ya same shi a kunnen hagu da wuya da kafaɗa, ya gangara cikin riga, feshinsa ya shiga gefen ido. Mai Jiƙo ya bi shi da bokitin a ka, ya faɗi, ya bi shi da ƙafa a haƙarƙari, sau biyu, sau uku. Da farko Mai Tanda bai yi ihu ba, yana ta shafa wuyansa yana kallon tafin hannunsa da mamaki. Sannan zafin ya iso. Waɗanda suka ji kukan daga baranda sun ce ba su gane na mutum ba ne.

Goggo ta shigo tana ɗingishi, tana jan tiyo. Ta sha gaban Mai Jiƙo, tsohuwar da ba ta kai masa kafaɗa ba, ta ɗauke shi da mari.

"Taɓa tandar. Taɓa ta ka ji, marar mutunci."

Ya ɗora tafin hannu a ƙofar ƙarfen. Sanyi ƙalau.

"Tun safe wuta ta ƙi kamawa, ko dami ɗaya bai fita daga nan ba. A ɗakinka Auta ya ɗauka, na kan igiya. Ya tambaye ka, ka ce sun sha. Ina tsaye."

A ransa ya sake jin muryar ƙanensa a bakin ƙofa da safe, ya ji tasa. Goggo ta ce fuskarsa ta koma kamar ta gawa, amma bai ɓata ko daƙiƙa ba, domin ya fi kowa sanin cewa soda ba ta jiran nadama. Ya yage rigar Mai Tanda daga wuya har ƙasa, ya ciccibe shi ya fita da shi fili, ƙarƙashin babban famfo, ya buɗe har ƙarshe. Ya danne shi da gwiwa, ya karkata kansa don ruwa ya gudu daga ido zuwa kunne, kada ya kai ga ɗaya idon. Ya sa yatsu biyu ya bankaɗe fatar idon da ƙarfi. Mai Tanda yana shure-shure, yana zaginsa, yana zagin uwar da ta haife shi, wadda shi ya taya shi gyara kabarinta. Ya kama gefen hannun Mai Jiƙo da haƙori ya datse har ƙashi. Jini ya bi ruwa. Mai Jiƙo bai saki ba. Goggo tana bin wuya da kafaɗa da tiyo, saman kunnen yana zamewa a ƙarƙashin ruwa kamar sabulun da aka manta a kwano. Wani ya kawo ruwan tsami, wai ya kashe sodar, Mai Jiƙo ya yi masa tsawa ya ce wannan na rama ne, ido ruwa kawai yake so. Minti arba'in suka yi a haka, sama tana zuba, famfo yana zuba. Da 'yan sanda suka iso sai da suka jira, don ya ce ko harbinsa za su yi sai ya gama.

A kotu Mai Tanda ya faɗi duka biyun, watsawar da wankewar, bai ƙara ba bai rage ba, kuma bai kalli inda Mai Jiƙo yake tsaye ba ko sau ɗaya. Likita ta ce ruwan famfon ne ya ceci idon. Alƙali ya ba Mai Jiƙo shekara biyu. Auta ya tsira da idon hagu, yana ganin hanya, ba ya ganin zare. Ya je gidan yari ziyara sau da yawa. A zuwan farko ya ce wa yayansa kada ya kwashe laifin shi kaɗai, shi ma ganda ce ta hana shi cusa hannu tsakiyar dami, wanda aikin daƙiƙa ɗaya ne. Sai dai ya ce abin da aka yi wa Mai Tanda babu nasa a ciki, kada a kuskura a ce don shi aka yi. A masana'anta aka liƙa takarda, an hana cewa ya sha, sai dai jiƙaƙƙe ko gasasshe. Ta yi aiki wata shida.

Da Mai Jiƙo ya fito ba su mai da shi aiki ba. Yana wankin motoci yanzu a bayan wata tasha, ya rame, muryarsa ta yi ƙasa. Sati uku yana bi ta layin su Mai Tanda yana wucewa. A na huɗu, wata safiya, ya tarar da shi zaune kan benci a ƙofar gida da kofin ruwa da sabulu da ɗan madubi a kan gwiwa. Ya yi sallama. Mai Tanda ya amsa, sannan ya juyo masa da gefen hagu gaba ɗaya, ya tsaya a haka.

Rabin kunne ne. Daga nan har ƙashin wuya fatar ta tattare, ta yi sheƙi, ta ja gefen bakin ƙasa kaɗan. Tsakanin tabon gashi ya tsiro tsibi-tsibi, fari da baƙi, a cikin lunguna inda reza ba ta shiga sai da dabara.

"Duba da kyau," in ji Mai Tanda. "Aikinka ne. Ba a barin aiki ba a duba ba."

Mai Jiƙo ya duba. Ya fara magana, Mai Tanda ya katse shi, ya ce in haƙuri ya zo bayarwa ya riƙe abinsa, an ba shi da yawa har ya rasa wurin ajiyewa. Damuwarsa ita ce masu aski uku sun gwada wannan gefen, biyu sun yanke shi, na ukun ya ce zuciyarsa ba za ta iya ba. Matarsa hannunta rawa yake. Shi kuma wuyan ba ya juyuwa yadda zai ga wurin a madubi. Shekara biyu ke nan yana yawo da rabin gemu kamar bunsurun da ya tsere daga hannun mahauci.

Ya miƙo rezar, ƙotar tana gaba.

Mai Jiƙo ya ce hannunsa ba na wannan aikin ba ne. Mai Tanda ya ce ai bai tambaye shi ba. Ya jingina da bango, ya ɗaga haɓa, ya rufe ido.

Mai Jiƙo ya durƙusa a gaban bencin. Ya jiƙa sabulu ya shafa a hankali, yana bin kowane lungu. Jijiyar wuyan tana bugawa a ƙarƙashin kumfa, yana ganinta. Ya ɗora bakin rezar a ƙasan kunnen, ya ja ɗan kaɗan, ya goge a gwiwar wandonsa.

"Daga sama ake farawa," in ji Mai Tanda, idonsa a rufe. "Kuma in ka yanke ni, mako mai zuwa kai za ka zo da reza."